Barmani Coge da 'Yan Amshinta: Kiɗan Ƙwarya da Bakin Mata



Duk wanda ya taso daga ƙasar Sakkwato, ko daga Shagari ne ko Boɗinga ko Yabo, ya nufi Zariya ko Kaduna a mota ta hanyar Gusau, to, sai ya ratsa Funtuwa. Yawancinmu abin da muka sani game da garin nan bai wuce tasha da wurin cin abinci ba, sai kuwa labarin auduga da hanyar jirgin ƙasa wadda ta bi ta nan zuwa Ƙaurar Namoda. A wannan gari ne Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta sani da Barmani Coge, ta yi zamanta, a nan kuma Allah ya yi mata rasuwa cikin watan Maris na 2013. Allah ya jiƙanta. A kanta zan yi magana yau, amma fa ba ita kaɗai ba. Abin da nake so in nuna shi ne, waƙar da muke kira ta Barmani aikin ƙungiya ce, watau ita da matan da ke zaune kewaye da ita suna kaɗa ƙwarya suna amsawa, kuma wanda ya tuna da ita ya manta da su bai fahimci inda ƙarfin waƙar yake ba.

Bari mu fara da kayan kiɗan. Kiɗan amada ba ya bukatar maƙeri ko dukawa. Ƙwarya ce, irin wadda ake dama fura a ciki, a kife ta a ƙasa ko a bisa ruwa cikin babban masaki, a riƙa bugunta da 'yan sanduna ko da hannu. Wadda aka kife a ruwa ita ke ba da amo mai zurfi, ƙananan kuma su ba da siririn amo, to, haɗuwarsu ita ce kiɗan. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Kalangu da kotso da taushi da tambari kayan maza ne, galibi kuma gadonsu ake yi, ɗa ya karɓa daga uba. Ƙwarya kuwa tana kowane ɗaki, ba sai an nemi izinin Sarkin Makaɗa kafin a taɓa ta ba. Mace tana cikin kulle, kayan kiɗanta na jingine kusa da randa. Masu bincike suna cewa amada ta faro ne a cikin gidaje a matsayin waƙar bege da tunatarwa tsakanin mata, daga baya ta fito wuraren biki da suna ta ɗauki zancen duniya. Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga Barmani yin suna da wannan kiɗa, ita Barmani kuwa ta yi fice tun daga shekarun 1970.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata taron mata masu rera waƙa tare ya zame mana baƙon abu ba. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan jihadi kafin ya koma Sakkwato. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta tsara 'yan taru: ta naɗa jajjai, suna fita ƙauyuka suna koya wa mata addini ta hanyar waƙoƙin da ake hardacewa. Ban ce amada daga 'yan taru ta fito ba, kuma manufarsu ta sha bamban ƙwarai. Abin da ya haɗa su shi ne dabara: in ana so magana ta shiga cikin gida ta zauna, sai a sa ta a bakin mata da yawa, ɗaya ta ja, saura su karɓa.

To, mene ne aikin 'yan amshi? Malaman waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun raba waƙa gida biyu, gindin waƙa da ɗiyanta. Jagora ke kawo ɗiya, 'yan amshi su riƙe gindi suna maimaita shi. Wanda ya dubi abin daga nesa sai ya ce ai aikin 'yan amshi maimaici ne kawai, kowa ma ya iya. Ba haka ba ne. Da farko dai, amshi shi ne numfashin jagora. A wurin biki ba a zo da waƙa a rubuce ba. Sa'ad da 'yan amshi ke rera gindi, a lokacin ne jagora ke duban taro, ta ga wadda ta shigo da sabon leshi, ta tuna sunan mahaifin wance da garin da mijin wance ke fatauci, ta ƙulla ɗan da za ta jefa. In amshi ya yi gaggawa ya tsinke mata tunani, in ya yi nawa rawa ta mutu. Sa'an nan kuma su ɗin nan su ne makaɗa, hannu na bugun ƙwarya baki na waƙa, abin da ba ya samuwa sai da daɗewa tare.

Akwai wani aiki na amshi da ya fi waɗannan, shi ne kuma nake so ɗalibai su riƙe. Maganar da mace ɗaya ba za ta iya faɗa a gaban surukarta ko kishiyarta ba, in baki goma suka ɗauke ta a lokaci guda, ba mai kama kowa da laifi. Jagora ta jefa habaici, 'yan amshi su karɓe, matan da ke filin rawa su ma su ɗauka, kafin a ankara maganar ta zama ta taro. Wadda aka yi dominta ta ji, amma ba ta da wanda za ta kai ƙara. Da wannan garkuwa ce Barmani ta taɓo abubuwan da mawaƙan fada ba su kusanta: zaman kishi, haihuwar gwarne, watau samun ciki tun ba a yaye na goye ba, da ragwancin macen da ta zauna sai abin da miji ya miƙo, har ma da surar jikin mace da taƙamar da take yi da ita.

Waƙarta da ta fi dacewa da ma'aikatan da ke wannan zaure ita ce wadda aka sani da "A Kama Sana'a Mata". A lura da zamanin da ƙungiyar ta yi tashe. An fara kashe naira ran 1 ga Janairu 1973, kuɗin mai suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, bukukuwa suka ƙara tsada, kayan ɗaki suka tashi daga ƙore da tasoshi zuwa jeren kwanonin sha da langa-langa. Wa ke sayen kayan ɗakin nan? Uwa ce, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ƙosai da kitso da saƙa, wanda yara suka kai talla, aka tara a adashi. Tun a littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, an ga yadda ƙawaye ke yi wa juna gudummawar biki, yau naki gobe nawa. Saboda haka kiran da Barmani ta yi wa mata su kama sana'a ba sabon ra'ayi ba ne da aka shigo da shi daga waje. Abin da ke gudana a tsakar gida ne ta ɗaga shi ta ba shi daraja, ta kuma yi wa maras sana'a zambo. Ma'aikatun gwamnati sun sha buga takardu a kan wannan batu, amma takarda ba ta shiga inda kaset ya shiga.

Ba zan ɓoye ba, akwai masu ganin wasu waƙoƙinta sun yi batsa, musamman wadda ake kira ta duwaiwai, kuma malamai da dama ba su yi na'am da ita ba. Ni ra'ayina shi ne, rabin wannan ƙorafi ya taso ne daga sauyin wuri. Waƙar da aka shirya domin tsakar gida, inda babu namiji sai ƙananan yara, sai ga ta a rediyo da talabijin da kaset, direba na sauraro a tashar mota, mai shayi na sauraro a bakin titi. Zancen da mata suka daɗe suna yi a tsakaninsu ne maza suka ji karo na farko, suka ɗauka yau aka fara shi. Sauran rabin kuwa, gaskiya ne Hajiya ba ta da tsoron baki.

Kaset ɗin nan da ya kai ta ko'ina shi ne kuma ya rage wa 'yan amshi daraja. Mai sanarwa a rediyo sunan jagora yake faɗa, mai sayar da kaset sunanta yake rubutawa a bango. Wannan ba cutar ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Amurka an yi wata ƙungiyar mata uku a birnin Detroit mai suna The Supremes, wadda ta yi tashe a shekarun 1960. A 1967 kamfaninsu, Motown, ya sa sunan Diana Ross a gaban sunan ƙungiyar. A shekarar ce aka fitar da Florence Ballard, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ta kuwa rasu a 1976 ba ta da wani abin kirki. Amma su can an rubuta sunayen, har Mary Wilson, wadda ta rasu a 2021, ta wallafa tarihin ƙungiyar da kanta. Mu a nan, haka muke yi wa Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan'anace: muna yabon jagora, mutanen da suka tsaya bayansa shekara da shekaru kuwa sai ɗalibin da ya je neman digiri ke tambayar sunansu. Na mata ya fi muni, domin aure da ƙaura kan raba su da ƙungiya, su koma gidajen da baƙo namiji ba ya shiga.

Daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, waƙa ta koma ɗakin ɗaukar murya. Fiyano ɗaya ya ɗauke aikin makaɗa, yarinya ɗaya kuma ta rera amshi, na'ura ta ninka muryarta ta zama kamar ta mutum biyar. Har kiɗan ƙwarya ma ana kwaikwayonsa da fiyano, a sa a wurin biki ta lasifika, mata su yi rawa. Amo yana nan kusa da na da. Abin da babu shi ne jagorar da ke kallon fili, da matan da ke jiran abin da za ta jefo su cafe. Waƙar da aka riga aka ɗauka ba ta san wadda ta shigo taro ba.

Beverly Mack ta yi rubutu a kan Barmani a littafinta na mawaƙan Hausa mata wanda ya fito a 2004, ɗalibanmu na sassan harsunan Nijeriya su ma sun yi kundaye a kan waƙoƙinta. Galibin aikin ya tsaya ne a kan matani, watau a rubuta abin da jagora ta faɗa, a sa "amshi" a ƙasa a wuce. Ɗalibin da ke neman batun bincike, musamman mace, wadda za ta iya shiga cikin gida, ga aiki nan: ta je Funtuwa ta nemi matan da suka kaɗa wa Hajiya ƙwarya, ta rubuta sunayensu, da yadda kowace ta shiga ƙungiyar, da yadda ake raba kuɗin liƙi bayan an tashi, da wadda ke riƙe babbar ƙwarya ta ruwa. In tafiyar ta yi mata nisa, to, ta fara da tsofaffin da ke kiɗan ƙwarya ranar suna a Shagari da Boɗinga, da rikoda a hannunta.