Sauya Fasalin Mota Da Yadda Yake Shafar Kuɗin Inshora

A yankin Watari, musamman garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa a ƙaramar hukumar Bagwai, da wuya mota ta daɗe a hannun manomi yadda ta fito daga kamfani. Da zarar kakar tumatir da albasa ta kama, sai a cire kujerun baya, a ƙara sifirin, mai walda ya ɗora kariya a sama, domin kai kwanduna kasuwar Badume ko 'Yankaba. Wasu sukan sauya inji, wasu kuma sun mayar da motocinsu masu aiki da iskar gas ta CNG tun bayan janye tallafin man fetur a 2023. Duk waɗannan sauye-sauye suna da alaƙa da takardar inshorar da ke cikin motar.

Inshorar da doka ta wajabta ita ce wadda ke biyan diyya ga mutumin da motarka ta yi wa ɓarna. Kuɗinta ya danganta ne da rukunin abin hawa da aikin da yake yi. Bisa farashin da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Janairu, 2023, motar gida tana biyan naira 15,000 a shekara, kuma diyyar dukiyar da ta lalata tana kaiwa naira miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita tana biyan naira 20,000, babbar motar dako naira 100,000, adaidaita-sahu naira 5,000, babur kuwa naira 3,000.

Saboda haka, sabon fenti ko sababbin tayoyi ba sa ƙara wannan kuɗi. Abin da ke ƙara shi shi ne gyaran da ya fitar da mota daga rukuninta. Motar gida da aka yanke bayanta ta koma a-kori-kura, ana kuma ɗaukar kayan mutane a biya, ta tashi daga motar gida, ko da takardarta ba ta sauya ba. Idan aka yi haɗari, kamfani yana iya cewa ba wannan aikin aka yi yarjejeniya a kansa ba, sai biyan diyya ya koma wuyan mai mota. Bambancin naira 5,000 da wani ke gudu bai kai kuɗin ƙofar mota ɗaya ba, balle saniyar da aka kaɗe a hanyar Bichi.

Cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motar kanta, lissafinta daban ne: ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Wanda ya sa tukunyar gas ko sabon inji ya ɗaga wannan daraja, don haka kuɗin zai ɗan hau. In kuwa ya yi shiru, da wuya kamfani ya biya abin da ba a rubuta ba. Wannan ƙa'ida ta bayyana gaskiya tana aiki har a kamfanonin takaful.

Ana shawartar masu motoci su sanar da kamfaninsu a rubuce kafin a fara aikin, su adana rasidin gareji, su kuma gyara lambar inji a ofishin lasisin mota idan an sauya shi. Dagatai, masu unguwanni da shugabannin tasha za su taimaka ƙwarai idan suka tunatar da direbobi cewa tun 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka tsananta binciken wannan takarda, kuma ana tantance sahihancinta ta hanyar latsa *565*11# a waya.