Suma, Aski da Furfura: Inda Muka Tsananta da Inda Muka Yi Sakaci

A yawancin unguwanninmu, matashin da ya tara suma sai ya sha kallo kafin ya shiga sahu, wanda kuwa ya aske kansa ƙwal ana yi masa shaidar natsuwa tun bai buɗe baki ba. Wannan ma'auni ya zauna a zukatanmu har muna zaton daga littafi muka karanto shi. Da za mu koma ga littattafan, da mun tarar cewa a babin gashin namiji mun ƙuntata inda shari'a ta yalwata, mun kuma yi sakaci inda ta gindaya iyaka.

Sahabban da suka siffanta Manzon Allah (SAW), irin su Anas ɗan Malik da Barra'u ɗan Azib, Allah Ya ƙara musu yarda, sun ambaci cewa gashinsa yana sauka zuwa kunnuwansa, wani lokaci har ya taɓa kafaɗunsa. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Ummu Hani cewa ya shiga Makka gashinsa a kitse gida huɗu. Ibnul Ƙayyim ya bayyana a Zadul Ma'ad cewa ba a kiyaye ya aske kansa ba sai a aikin Hajji ko Umara, kamar yadda ya yi a Hudaibiyya shekara ta 6 bayan Hijira, da Hajjin bankwana a shekara ta 10. Saboda haka mai cewa aske kai ƙwal shi ne sunna, tara suma kuwa fanɗarewa, ya juya lamarin. Askin halal ne ba shakka, domin Annabi (SAW) da kansa ya sa aka kira mai aski ya aske 'ya'yan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bayan shahadar mahaifinsu a Mu'uta. Amma halal daban, sunna daban.

Kada matashi ya yi saurin murna da wannan. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Abu Dawud ya umarci mai gashi ya girmama shi, wato ya wanke, ya taje, ya shafa masa mai. A Muwaɗɗa akwai labarin mutumin da ya shigo masallaci kansa da gemunsa a hargitse, Annabi (SAW) ya yi masa nuni da hannu ya fita ya gyara. Imamu Ahmad ya yarda cewa barin gashi sunna ne, amma ya ce ɗawainiyarsa ce ta hana shi. Sumar da ta yi wata ba ta ga mataji ba, ta cukurkuɗe ta tara ƙura da amosani, ba ita ce ake magana ba.

Akwai kuma al'adar gari. Ibnu Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a shekara ta 463, ya faɗa a Attamhid cewa a zamaninsa masu ilimi da mutanen kirki sun bar tara gashi, har ya koma alamar sojoji da wawaye, kuma bai zargi mutanen kirkin da saɓa wa sunna ba. Wannan shi ne matsayin da ya dace da mu. Uba yana da damar ya ce wa ɗansa: "Ka rage sumar nan, a garin nan ba mutanen kirki aka sani da ita ba." Ɗan kuma ya bi, domin biyayyar iyaye ta fi suma nauyi. Abin da uban ba shi da damarsa shi ne ya ce haramun ce. Yaron da aka gaya wa haka, ranar da ya ci karo da hadisin Anas a wayarsa, ba maganar sumar kaɗai zai daina yarda da ita ba.

Askin da hani ya zo a kansa ƙarara shi ne ƙaza'u. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin daga Abdullahi ɗan Umar, Nafi'u kuma ya fassara shi da a aske wani sashen kan yaro a bar wani. A wata ruwayar Annabi (SAW) ya ga yaron da aka yi wa haka, ya ba da zaɓi biyu: ko a aske duka, ko a bar duka. Muna yawan jefa wa samari wannan hadisi saboda askin zamani, muna mancewa da cewa tukku da zanko da wanzamai suka daɗe suna bar wa yaranmu su ne suka fi kama da fassarar Nafi'u. Hanin bai san tsohuwar al'ada ko sabuwa ba.

Sai dai a lura da abu biyu. Wanda aka kankare masa gefen kai har fata aka bar masa tsibi a tsakiya ya shiga hanin, kuma Ibnul Ƙayyim ya lissafa wannan siffa cikin nau'o'in ƙaza'u huɗu a Tuhfatul Maudud. Wanda kuwa aka rage masa gefe fiye da sama ba tare da an kankare ba, malaman wannan zamani sun saɓa a kansa, kuma da yawansu ba su sanya shi cikin ƙaza'u ba. Na biyu, Imamu Nawawi ya ɗauki hanin a matsayin karhanci, ya kuma cire wanda aka aske wa wani wuri don magani. Abin da matsayinsa ke nan nasiha ake yi a kansa. Tare yaro a hanya a danne shi a aske shi gaban jama'a wulaƙanta Musulmi ne, kuma hukuncin wulaƙanta Musulmi ya fi na ƙaza'u tsanani.

Furfura ma mun juya mata hukunci. Magidanci zai tsaya gaban madubi yana tsige farin gashi ɗaya bayan ɗaya, alhali tsigewar ce aka hana. In kuwa aka ce ya shafa lalle a gemu sai ya ce aikin mata ne. Anas ya ba da labari, kamar yadda yake a Muslim, cewa Sayyidina Abubakar yana rina gashinsa da lalle haɗe da wani ganye mai suna katam, Sayyidina Umar kuma da lalle zalla. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8, da aka zo da Abu Ƙuhafa kansa da gemunsa fari fat, umarni aka yi a sauya launin, a kuma nisanci baƙi. A kan baƙin ne saɓani yake: Nawawi ya rinjayar da haramci, Risala ta Ibnu Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ta tsaya a karhanci. Wanda ya rina baƙi don ya ɓoye shekarunsa ga matar da yake nema, wannan ya fita daga saɓanin, ya shiga algus. Ga kuma lafiya: yawancin baƙin rinin kanti yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda kan kumbura wa wasu fuska da fatar kai.

Tambayoyi biyu ba sa ƙarewa a majalisan karatu. Mai janaba zai iya aski ko yanke farce? Zai iya; Bukhari ya kawo halaccin haka daga Aɗa'u, kuma zancen cewa gashin zai tashi da janaba ranar ƙiyama ba shi da hujja ingantacciya. Aski yana warware alwala? Ba ya warwarewa, kuma Mukhtasar na Khalil ya nuna cewa wanda ya aske kai bayan alwala ba zai sake shafa ba.

Inda shari'a ta yanke adadi kuwa, nan ne aka fi samun shiru. Hadisin Anas a Muslim ya iyakance rage gashin baki, yanke farce, cire gashin hamata da aske na mara da cewa kada a wuce dare 40. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, ba lokacin da ake jira ba. A zafin bazararmu mako biyu ma ya isa. Mutum na iya shafe sa'a yana jayayya kan tsawon gemun limami, shi kuwa ya haura wata biyu bai duba hamatarsa ba.

Haka nan kayan askin kansu. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, kuma ɗan jinin da ido ba ya gani a bakin aska ko injin aski ya isa ya ɗauke ta daga wani zuwa wani. Wucewa da harshen wuta sau ɗaya a kan injin ba tabbacin tsabta ba ne. Gidan da ke da hali ya sayi injinsa, kowa kuma ya riƙe rezarsa shi kaɗai. Ranar suna, in wanzami ya zo askin jariri, uba ya miƙa masa sabuwar reza a cikin takardarta, ya tsaya a buɗe ta a gabansa.