Masu Ruɗin Ƙwaƙwalwar Mota

Jama'a, duk wanda ya leƙa Suwame Magazin a nan Kumasi ya san aikin mota ya sake kama. A da kafireta ce ke haɗa mai da iska, fita ya sa sukurdireba ya juya, yana sauraron inji da kunne har ya daidaita. Motocin da ake sauke mana yanzu a Tema kuwa suna da 'yar kwamfuta, watau ƙwaƙwalwar mota, ita ke yanka wa inji rabonsa na mai. Ita kuwa ba ta gani, ba ta ji, sai abin da 'yan rahotonta suka gaya mata. Waɗannan 'yan rahoto su ake kira sensa.

Ɗaya na auna yawan iskar da ke shiga, ɗaya zafinta, ɗaya zafin ruwan lagireto. Akwai wanda ke zaune cikin salansa yana shinshinar hayaƙi, don ya gane ko mai ya yi yawa ko ya gaza. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera shi, aka fara sa shi a motocin Volvo a 1976. Abin da ake nema a injin fetur shi ne awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai, bisa nauyi.

To, ga inda maganar take. Wasu samarinmu direbobi, da wasu iyayen gidansu, sun ji an ce in an ruɗi sensa mota na ƙara ƙarfi. Sai a sami wani ɗan ƙulli na lantarki a ɗaura a wayar mai auna zafin iska, ya riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa wai ana sanyi, alhali rana na dukan kwalta a Kintampo. Iska mai sanyi ta fi kauri, saboda haka ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. Amma ba a daɗewa mai shinshinar hayaƙi zai kai ƙara, a janye ƙarin, kuɗin mutum ya tafi a banza. Sa'an nan sai fita ya ce ai wancan ne mai hana ruwa gudu, a cire shi.

Daga nan ɓarna ke farawa. Ƙwaƙwalwa ta rasa mai gaya mata gaskiya, sai ta koma zuba mai bisa ƙiyasi, galibi fiye da kima. Fulogi ya yi baƙi. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, ringi ya soma ci. Saura ya bi salansa ya tarad da tukunyar tace hayaƙi, wadda ake shafe cikinta da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, ya ƙone a can har ta narke ta toshe. Mai mota dai yana murna kwana kaɗan, sa'an nan ya ga kuɗin mai ya hau, bai san dalili ba.

Mu faɗi gaskiya, a injin dizal dabarar tana ci. Akwatin da ake ɗaurawa yana gaya wa ƙwaƙwalwa matsin mai ya yi ƙasa, famfo ya ƙara matsawa, mota kuwa ta ja tudu da kaya niƙi-niƙi. Direba bai yi ƙarya ba in ya ce ya ji bambanci. Amma fa ƙarfin nan bashi ne aka ci daga jikin nozul da fistin da kulochi, su za su biya. Baƙin hayaƙin da ke tashi kuma matanmu masu koko da ƙosai a bakin tasha ke shaƙa, da almajiranmu in an tashi karatu.

Kada a ce wannan halin ƙananan fitoci ne kaɗai. A 2015 hukumar kiyaye muhalli ta Amurka ta kama kamfanin Volkswagen ya koya wa motocinsa na dizal su gane lokacin da ake gwada su, su kame kansu, in sun hau titi su saki hayaƙi mai guba har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin da kansa ya amsa cewa motoci wajen miliyan 11 abin ya shafa.

Abin da ya fi damunmu, mu da muke zama a sulhunta ciniki a zaure, shi ne ranar sayarwa. Duk motar da aka taɓa wa sensa takan kunna wata fitila ruwan ɗorawa a gaban direba. Sai a zare ƙwan, ko a liƙe shi da baƙin salatif, a wanke mota a kai wa ɗan'uwa. Wannan algus ne, ba shi da wani suna. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibin haja bai halatta ba, kuma mai saye na da ikon mayarwa in ya gano. Dillalin da ya sani ya yi shiru, shi ma yana ciki. In mutum ya yi wa motarsa aikin, to, ya faɗa, a rage kuɗi ko a fasa.

Alhazai masu sayen mota domin jigilar goro ko doya, ga abin da za ku yi kafin ku ƙirga ko sidi ɗaya. Ku murɗa makulli rabi, kada ku ta da inji. Lalle ne fitilar nan mai siffar inji ta kama, in an ta da inji kuma ta mutu. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Sa'an nan ku nemi fita mai na'urar bincike, ba wanda mai mota ya kawo ba. Akwai wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tun 1996, nan zai soka na'urarsa ya karanta muku abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe. Ku sa yaro ya shiga ƙarƙashi ya duba ko tukunyar salansa na nan, ko kuwa an yanke ta an yi waldar bututu a gurbinta.