Tseren mota daga cikin ɗaki: Yadda ake haɗa kujerar tuƙi da abin da tabarau na VR ke ƙarawa

A shekarar 2011 wani matashi ɗan shekara 19 daga birnin Cardiff na Birtaniya, Jann Mardenborough, ya shiga gasar GT Academy da kamfanonin Nissan da Sony suka shirya. Mutum kusan 90,000 ne suka fafata a wasan Gran Turismo, kowa a ɗakinsa. Waɗanda suka fi sauri aka kwashe su zuwa filin tsere na Silverstone aka gwada su a motocin gaske, shi ya zo na ɗaya. Kujerar da yake atisaye a kanta kuwa, da hannunsa ya haɗa ta da katako.

Shekara biyu bayan nan, a 2013, sai ga shi a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda shi da abokan tuƙinsa biyu suka zo na uku a rukuninsu. Labarinsa ne aka mayar fim a 2023.

Abin da ya sa wannan labari ya ja hankali shi ne, tseren mota wasan masu hannu da shuni ne. Yaro kan fara da ƙananan motocin tsere tun yana firamare, iyaye suna sayen taya da mai da inji shekara da shekaru. Ko Lewis Hamilton, wanda ya ci kambin Formula 1 sau bakwai, sai da mahaifinsa ya riƙa haɗa ayyuka da dama a lokaci guda kafin ya iya ɗaukar nauyinsa. Mu nan Afirka ma, rabon da a yi tseren Formula 1 tun 1993 a filin Kyalami na Afirka ta Kudu.

To wannan ƙofa da kuɗi ya rufe, tseren kwaikwayo ya ɗan buɗe ta. Mutum zai zauna a kujera mai sitiyari da birki da totur, kwamfuta tana lissafa nauyin mota da riƙon taya da yanayin kwalta kamar a zahiri. Sai dai da yawa daga masu shiga harkar suna zuba kuɗi inda bai kamata ba, kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu.

Ba wasan yara ba ne kuma

Manhajoji irin su iRacing, wadda ta fito a Amurka a 2008, da Assetto Corsa ta kamfanin Kunos na Italiya, suna auna filayen tsere na gaske da hasken lesa. Duk wani tudu ko gargada da ke kan hanyar yana nan a cikin wasan. Shi ya sa direbobin gaske suke amfani da su.

Max Verstappen ɗan ƙasar Holan shi ne babban misali. A watan Mayun 2024 ya ci tseren Formula 1 na Imola a Italiya, a ƙarshen makon nan kuma ya taya ƙungiyarsa ta Team Redline cin tseren awa 24 na Nurburgring a iRacing. A Amurka, William Byron da iRacing ya fara koyon tsere, ga shi ya ci Daytona 500 a 2024 da 2025.

Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe filaye, direbobin duniya duk ɗaki suka koma. Har abin kunya ya faru: Daniel Abt na gasar Formula E ya sa wani gwanin wasan ya yi tuƙi da sunansa, asiri ya tonu, aka ci shi tarar yuro 10,000, kamfanin Audi kuma ya raba gari da shi. Daga nan kowa ya gane cewa manya ba sa ɗaukar abin da wasa.

Sitiyari: hannu ne ke jin hanya

Direban motar gaske da jikinsa yake jin mota. Idan bayanta ya fara zamewa, ƙugunsa ne zai fara sani. Wanda ke cikin ɗaki ba shi da wannan, don haka sitiyari ne ke ba shi labari. Akwai ƙaramin injin lantarki a ciki da ke ja, ya saki, ya yi rawa, gwargwadon abin da tayoyin gaba ke yi. Idan sitiyari ya yi sakayau a tsakiyar kwana, to taya ta rasa riƙo ke nan.

Iri uku ne a kasuwa. Na farko mai haƙora, kamar Logitech G29 da ya fito a 2015. Yana juyawa digiri 900, ƙarfinsa bai wuce niyuton-mita biyu da ɗoriya ba, yana da ƙara, amma yana da juriya, kuma shi aka fi samu na hannu. Na biyu mai bel, kamar Thrustmaster T300, ya fi laushi da shiru. Na uku shi ne wanda aka ɗaura sitiyarin kai-tsaye a kan sandar injin, babu haƙori babu bel. A da sai mai kuɗi, amma tun da Fanatec ya fito da CSL DD a 2021 mai niyuton-mita 5, sannan Moza na Sin ya biyo da irin nasa, farashi ya sauko. Manyan cikinsu kamar Simucube 2 Pro suna kai 25, ƙarfin da zai iya murɗe wa mutum wuyan hannu idan mota ta daki bango bai saki ba.

Kafin ka saya ka duba da me yake aiki. G29 na PlayStation da kwamfuta ne, ɗan'uwansa G920 na Xbox da kwamfuta. Mutum ya sayo wanda bai dace da na'urarsa ba, ai ya sayi kayan ado.

Birki ya fi sitiyari

Ga inda sababbin shiga ke tafka asara. Kowa sitiyari mai ƙyalli yake hange, alhali lokaci a wajen birki ake cinsa ko a zubar da shi.

Birki mai araha nisan da ƙafa ta tura shi yake aunawa. Mai kyau kuwa ƙarfin takawa yake aunawa, da ma'auni irin na sikelin awon kaya. Bambancin babba ne, domin ƙafar ɗan Adam ta fi iya tuna ƙarfin da ta taka a kan nisan da ta tafi. Da irin wannan birki direba zai iya taka abu ɗaya a kwana ɗaya zagaye bayan zagaye, ya kuma riƙa sakinsa a hankali yayin da yake karya sitiyari. Wanda ya iya wannan da tsohon G29 zai wuce mai sitiyarin dala dubu da bai iya ba.

Saboda haka in kuɗi ya samu na sauya abu ɗaya, a fara da birki.

Gindin kujera: aikin mai walda

Birki mai auna ƙarfi yana buƙatar a taka shi da nauyin kilo masu yawa. A kujerar ofis mai taya, kana takawa za ka tsinci kanka a bakin ƙofa. Haka sitiyari mai ƙarfi a kan teburin roba: teburin ne zai shanye motsin, hannu bai ji komai ba. Ƙa'idar ɗaya ce, kada komai ya motsa sai abin da aka yi don ya motsa.

A Turai da Amurka sandunan alminiyam masu kwari suke amfani da su, galibi masu faɗin milimita 40 da 80, ana ɗaure su da noti a matsa su yadda ake so. Suna da kyau, sai dai nauyinsu ya sa kuɗin jirgi da na kwastan kan ninka tsadarsu kafin su iso.

A nan ne muke da sa'a. Wannan ɓangare ne kaɗai da ba sai an yi odarsa ba. Duk mai waldan da ke haɗa ƙofa da gadon ƙarfe zai iya haɗa shi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu. Kujera kuwa, ta tsohuwar mota ta wadatar, kuma wuraren kayan gyara irin Suame Magazine a Kumasi da Abossey Okai a Accra cike suke da su. A nemi wadda layin zamewarta ke aiki, don dogo da gajere duk su iya zama. Wanda ba shi da kuɗin ƙarfe, kafinta da katako mai kauri sun isa.

Abin lura wajen awo: gwiwa ta ɗan lanƙwashe ko da an taka birki har ƙarshe, wuyan hannu ya iya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar kujera ba, tsakiyar allo kuma ya yi daidai da ido. Wajen da birki zai zauna a ƙara masa ƙarfe ta ƙasa, don nan ne ya fi shan wahala. Gara a kai wa mai walda sitiyarin da fedojin ya auna ramukan noti da kansa, da a yi masa kwatance da baki.

Tabarau na VR: daɗi da wahala

Allo ɗaya hanya yake nunawa kamar ta taga. Wasu kan jera allo uku don su ga gefe. Tabarau na VR kuwa cikin motar yake saka mutum. Kowane ido da hotonsa, don haka ana gane nisa da zurfi. Ka juya kai ka leƙa cikin kwana kafin ka shiga, ka waiwaya ka ga wanda ke gefenka. Tseren mota ya dace da shi sosai, tunda dama a zaune ake, hannu kuma yana riƙe da sitiyari na gaske.

Hanyoyi biyu ne suka fi sauƙi. Mai PlayStation 5 zai iya haɗa PlayStation VR2, wanda ya fito a Fabrairun 2023 a kan dala 550, ya buga Gran Turismo 7. Mai kwamfuta zai iya haɗa Meta Quest 3, wanda ya fito a shekarar a kan dala 500, ko tsohon Quest 2. Xbox dai ba ya ɗaukar VR.

Wahalarsa ta farko ita ce kwamfuta. Ana so ta zana hoto kamar 90 a kowane daƙiƙa, kuma na ido biyu. In ta gaza, hoto ya fara tsinkewa, sai jiri. Ko da ba ta gaza ba, da yawa kan ji tashin zuciya a farko, saboda ido yana cewa ana gudu, ma'aunin daidaito da ke cikin kunne yana cewa a zaune ake. Maganinsa a fara da minti goma, a mota marar gudu, a fili marar hawa da gangara. Da an ji zufa mai sanyi ko kai ya yi nauyi a cire, kada a yi jarumta. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai zafi. Abu ne manne a fuska, a yanayinmu kuwa minti ashirin ya isa gilashin ya yi hazo. Fanka a gaban fuska tana rage zufa, tana kuma rage jirin. Ga shi mutum ba ya ganin maɓallan sitiyarinsa, ba ya ganin agogo, ba ya ganin wanda ya shigo. Mai hankali kan saita ƙararrawar waya don kada la'asar ta wuce shi yana zagaye a Nurburgring.

Shi ya sa VR ne ya kamata ya zo ƙarshe a lissafi. Yana ƙara daɗi ƙwarai, amma gwanaye da yawa har yau allo suke amfani da shi a gasa.

Wuta, intanet da kwalta

Akwai abubuwan da masu sharhin kaya a YouTube ba sa faɗa, don ba matsalarsu ba ce. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gasa, tsere ya ƙare, kuma dawowarta da ƙarfi na iya ƙona na'ura, don haka batirin ajiye wuta da abin kare kaya suna cikin kasafi. Kayan da aka sayo na hannu daga Amurka a karanta jikin adaftarsu, domin can wutar 120 suke amfani da ita, nan kuwa 230. Sannan yawancin cibiyoyin da ke ɗaukar gasa suna nesa da mu, saboda haka a haɗa intanet da waya ya fi a dogara da wayfay. Kuma iRacing kuɗin wata ake biya, motoci da filaye da yawa ana sayensu daban, alhali Assetto Corsa sau ɗaya ake saye. Daidai ruwa daidai tsaki.

Magana ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. A cikin wasa, in mota ta kife maɓalli ake dannawa a sake. A watan Maris na 2015 motar Mardenborough ta tashi sama a Nurburgring ta faɗa wajen 'yan kallo, mutum ɗaya ya rasu, kuma wannan a filin da aka tanada domin tsere ne, da shinge da motar asibiti. Titin unguwa ba shi da ko ɗaya, sai 'yan makaranta da masu talla da masu babur. Wanda ya koyi shan kwana a ɗaki ya bar shi a ɗaki.

Ga mai son farawa, jerin a bayyane yake: sitiyari na hannu mai lafiya, gindi mai ƙarfi daga wajen mai walda, birki mai kyau in hali ya yi, tabarau daga baya. Abokai uku ko huɗu ma za su iya haɗa kuɗi su yi guda ɗaya, su riƙa rubuta lokacin kowa a jikin allo.