Sa'ad da Ruwa Ya Cinye Gona

A wannan fitowa za mu jingine maganar taki da iri tukuna, mu fara da wata tambaya da wani dattijo ya yi mana a bakin gonarsa, gama mun san ba shi kaɗai ke ɗauke da ita a zuci ba.

A watan Satumba na shekarar 2022 kogin Binuwai ya cika ya batse. An yi ruwan sama mai yawa a wannan damina, aka kuma buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Lagdo da ke ƙasar Kamaru domin a rage ruwan da ya taru a bayanta. Ruwa ya bi ta Yola, ya sauka Numan inda kogin Gongola ke haɗuwa da Binuwai, ya wuce Makurɗi har Lokoja. A faɗin Nijeriya ambaliyar wannan shekara ta kashe mutane fiye da 600, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu. Shekara goma kafin nan, wato a 2012, an sha irin wannan masifa, mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu.

Da ruwa ya janye muka fita zagayen ƙungiyoyi a ƙasar Numan. A wani ƙauye mun tarar shinkafar fadama, wadda ta riga ta yi ciki, ta kwanta cikin laka ta ruɓe. Ƙungiyar kuwa ta karɓi taki bashi, a kan za ta biya da kaka. Wani dattijon ikkilisiya ya kai mu gonarsa. Ya tsaya yana dubanta, can sai ya ce, "Malam, kai ka yi karatu, ka faɗa mini. Shekara da shekaru ban hana zakka ba. Ban taɓa ɗaukar fartanya ran Lahadi ba. Me na yi wa Allah?"

Littafin da ke cikin jakarmu na tazarar shuka ne da awon taki, ba amsar wannan tambaya a ciki. Muka ce, "Baba, bari mu zauna tukuna." Muka zauna a kan kunya, muka daɗe ba wanda ya ce uffan. Abin da muka tattauna daga baya, da shi da sauran 'yan ƙungiya, shi ne muke so mu kawo muku.

Hukunci ne?

Wannan tambaya ba yau aka fara ta ba. A Luka 13:1-5 Yesu ya tuna wa mutane da wata hasumiya da ta faɗi a Siluwam ta kashe mutum 18, ya kuwa nuna sarai cewa waɗanda suka mutu ba su fi sauran mutanen Urushalima zunubi ba. Ya ja hankalin masu sauraro ga tuban kansu, maimakon binciken laifin waɗanda masifa ta auka wa.

Ayuba ma haka. Mai dukiyar dabbobi ne, tumaki 7,000, raƙuma 3,000, da shanun noma, da 'ya'ya goma, duka suka tafi a rana ɗaya. Abokansa uku sun yi daidai sa'ad da suka zauna tare da shi kwana bakwai ba magana. Da suka buɗe baki suna cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye, nan suka kauce. A ƙarshen littafin su ne Allah ya tsauta wa.

Mu ma idonmu ya gani. Ruwa ya bi gangare, ya ci gonar Kirista ya ci ta Musulmi, ya ci ta mai ba da zakka ya ci ta wanda bai taɓa bayarwa ba. Fadama hanyar kogi ce a shekarar da ya cika, lakar da yake bari kuwa ita ke sa ƙasar albarka. Saboda haka kada wani a cikinmu ya nuna gonar ɗan'uwa da yatsa ya ce alhaki ne ya kama shi. Wannan ƙara wa mai ciwo gishiri ne a miki.

Ceto ba ciniki ba ne

A cikin tambayar Baba akwai wani tunani da ke kwance a zuciyar yawancinmu, wato na ba Allah nasa, shi ma ya tsare mini nawa. Haka muke da mai ba da bashin taki, amma ba haka muke da Allah ba. Manzo Bulus ya koya wa Afisawa, a sura 2, cewa ceto kyauta ce da muke karɓa ta wurin bangaskiya, ba ladan aikinmu ba ce. Zakka da baiko godiya ce ta wanda aka riga aka cece shi. Ba kuɗin inshora ba ne da muke biya domin kada ruwa ya shiga gona.

Wannan magana tana da zafi da farko, amma akwai ta'aziyya a cikinta. Da buhunan shinkafa ne ma'aunin ƙaunar Allah, da kowace muguwar shekara sai mu ce ya juya mana baya. Amma shaidar ƙaunarsa ita ce gicciyen Yesu, wanda shi kansa ya sha wuya ba da laifinsa ba, ya mutu, ya kuma tashi. Wannan aiki an gama shi, ambaliya ba ta isa ta kwashe shi ba.

Wace irin salama?

Salamar da muke magana ba ta hana mutum kuka. Wanda ya ce mai bi ba ya hawaye bai karanta Zabura ba. A Zabura 69 marubucin ya kwatanta kansa da wanda ruwa ya shanye yana nutsewa cikin laka. Zabura 13 kuka ce ta wanda ya gaji da jira. Allah bai hana a rubuta waɗannan cikin Littafinsa ba, domin ya yarda mu kawo masa baƙin cikinmu yadda yake.

Sa'an nan mu duba Habakuk 3:17-19, wurin da ya dace da kowane manomi. Annabin ya lasafta asara ɗaya bayan ɗaya, itatuwa ba 'ya'ya, gonaki ba amfani, garke ba dabba. Bai rage kome ba, bai kuma ce ba kome ba. Bayan ya gama lissafi ya yanke shawara zai dogara ga Allah mai cetonsa duk da haka. Bulus kuwa daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ta fi yawan maganar farin ciki da salama. Ashe salama ba ta jiran sai wahala ta wuce. Tana zuwa ga wanda ya san hannun da ke riƙe da shi.

Mu karanta tare

Tun shekarar 1932 muke da dukan Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da abokan aikinsa. An kuma fitar da sabuwar fassara a 1979. Duk da haka a gidaje da yawa Littafin yana cikin akwati, ba ya ganin rana sai Lahadi. Mai baƙin ciki kuma da wuya ya iya karatu shi kaɗai. Ga abin da muka gwada a ƙungiyar Baba, muka ga amfaninsa.

Kafin ma'aji ya buɗe littafin kuɗi, a ba da minti 15 ga Maganar Allah. A zaɓi wuri gajere, a karanta shi a hankali sau biyu, domin waɗanda ba su iya karatu ba su riƙe shi. Inda ba mai karatu, akwai Littafi Mai Tsarki na sauraro cikin Hausa a wayar hannu. Bayan karatu a yi tambaya uku. Wace wahala ce a wurin nan? Me Allah ya yi ko ya ce? Me za mu yi kafin taro na gaba? Kada shugaba ya mai da shi wa'azi. A bar gwauraye mata da samari su ma su yi magana, gama sau da yawa wadda ta binne miji ta fi mu gane Ayuba.

Addu'a da fartanya

Salama ba ta nufin mu naɗe hannu. A Farawa 41 Yusufu ya ba Fir'auna shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekaru bakwai na ƙoshi saboda shekarun yunwa. A Ayyukan Manzanni 11:27-30, da masu bi na Antakiya suka ji za a yi yunwa, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Bari mu bi sawunsu ta waɗannan hanyoyi.

1. Kowace ƙungiya ta kafa rumbunta a kan tudu. Da kaka kowa ya zuba abin da aka yarda, a rubuta, a ajiye iri dabam da abinci.

2. Kada a zuba dukan ƙarfi a fadama. A raba, a bar dawa ko masara ko rogo a gonar tudu.

3. A nemi irin shinkafa mai jure ruwa. FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, sukan rayu ko da ruwa ya rufe su har wajen mako biyu. Ambaliyar da ta daɗe fiye da haka takan kashe su su ma, saboda haka ba su hana a bi shawara ta biyu.

4. A yi rainon masakwa a tudu tun watan Agusta ko Satumba. Da ruwa ya janye daga ƙasa mai laka sai a dasa, a haƙa rami da sanda, a zuba ɗan ruwa, a sa dashe. Da danshin da ruwa ya bari take girma, a girbe ta a Janairu ko Fabrairu.

5. Irin da ya jiƙe a gwada shi kafin shuka. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan mako ɗaya. In waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, a ƙara yawan iri ko a nemi wani.

6. A saurari hasashen damina da gargaɗin ambaliya da hukumomin gwamnati ke bayarwa kowace shekara, a sanar a majami'a.

7. Game da bashi, kada a ɓuya. Shugabanni su je wurin mai bashi da wuri, da littafi a hannu, su faɗi gaskiya, su roƙi ƙarin lokaci.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙauyen Baba, waɗanda suke da rainon masakwa a tudu sun raba dashe da waɗanda ba su da shi. Matasa suka yi masa gayya, Zumuntar Mata ta dafa abinci. Abin da ya girba bai kai shinkafar da ya rasa ba, bashin ƙungiya kuma sai da ya ƙetare wata kaka kafin a gama biya. Amma gidansa bai kwana da yunwa ba.

Da muka koma da rani muka tarar da shi a gindin bishiya, jikarsa tana karanta masa Habakuk. Muka ce, "Baba, ka sami amsar tambayarka?" Ya ce, "A'a, Malam, har yanzu ban san dalili ba. Amma na daina yi wa Allah lissafi. Yanzu ina barci."

'Yan'uwa, a taronku na gaba ku karanta Habakuk 3:17-19, sa'an nan ku tambayi juna, wane ne a cikinmu ya daina zuwa taro tun da ya yi asara? Ku zaɓi mutum biyu su je wurinsa cikin makon nan. Kada su tafi da dogon bayani. Su tafi da mudun hatsi da Littafi, su zauna tare da shi. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, in kuwa ta zo da wahala, ya ba mu salamarsa da hannuwan taimakon juna. Amin.