Shekara goma a cikin mimori: Yadda waƙoƙi da finafinan 2010 zuwa 2019 suka isa Batsari da Safana

A watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba, ciki har da Batsari da Safana. Sabis ya ɗauke ɗif. Babu kira, babu WhatsApp, babu YouTube, balle TikTok. Wayar da saurayi ya yi tari ya saya ta koma fitila da agogo. Sai dai wanda yake da katin mimori cike a wayarsa bai rasa abin yi ba: Nura M. Inuwa yana nan, Ibro yana nan, fassarar Algaita tana nan. Ɗan katin da bai wuce girman farce ba, wanda masu manyan wayoyi suka fara yi wa kallon tsohon yayi, shi ne ya ɗebe wa mutane kewa na tsawon watanni.

In za a rubuta tarihin nishaɗin Hausa na 2010 zuwa 2019 daga Kano, kyaututtuka da sinima da rikicin 'yan fim za a lissafa. Daga bakin dajin Rugu kuwa, tarihin na wannan katin ne, da mutumin da yake cika shi.

Kafin katin ya karɓi ragama

A farkon shekarun, faifan CD ne ke da kasuwa. Fim yana fitowa a Ƙofar Wambai a Kano, dillalai su kawo shi Katsina ko Dutsin-Ma, daga nan ya biyo motar kasuwa zuwa Batsari, Safana, Runka ko Wagini. Lokacin ne aka yi yayin finafinai irin su Ga Duhu Ga Haske da Ɗan Marayan Zaki na Aminu Saira, da Sai Wata Rana na kamfanin FKD, ga kuma camamar Rabilu Musa Ibro wadda ba a iya ƙirga ta.

Matsalar faifai a ƙauye ɗaya ce: yana son talabijin, yana son na'urar kunnawa, su biyun kuma suna son wuta. Inda babu lantarki sai janareta, janareta kuma sai fetur. Saboda haka kallo ya zama abin taro. Ko dai a biya a shiga gidan kallo, ko a yi dandazo a gidan da ke da inji, yara a ƙasa, manya a kan benci. Matan aure da ba sa fita, sai an ci sa'a a yi hayar faifai ranar da aka tayar da inji. Faifan ma kwana kaɗan ne ya karce, ya riƙa sarƙewa daidai wurin da labari ya yi daɗi.

Shagon caji ya zama sinima

Abin da ya canza lissafin ba babbar fasaha ba ce. Ƙananan wayoyi ne 'yan China masu layi biyu, masu lasifika mai ƙara kamar ta masallaci, da batirin da ke kwana biyu bai mutu ba, sannan da gurbin saka mimori. Tecno da Itel suka mamaye kasuwa, Nokia ta fara ja da baya. Waɗannan wayoyi suna iya kunna bidiyo nau'in 3GP, wanda ake matse fim guda ya koma ƙasa da megabayit 200. Hoton dishi-dishi ne, fuskar jarumi sai an ƙura ido, amma murya tana fita tar, kuma fim ɗin Hausa dama rabinsa zance ne da waƙa.

Tunda babu wuta a gida, kowa sai ya kai wayarsa caji. Mai shagon caji yana da inji da allon soket jere reras, ga jama'a kullum a ƙofarsa. Da ya ƙara tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗan abin karanta mimori, sai sabuwar sana'a ta samu: turi. Ka miƙa katinka, ka faɗi abin da kake so, ko ka ce a zuba maka sababbi. Kuɗin fim ɗaya bai kai na kwalbar lemo ba.

Mai turi shi ne gidan rediyon garin, shi ne kuma alƙalin gasa. Waƙar da ya kunna a lasifikarsa ranar kasuwa, ita za a ji a gona da majalisa da wurin biki a wannan makon. Wadda bai ɗauko daga birni ba, kamar ba a yi ta ba. Babu wata manhaja da ta taɓa sanin ɗanɗanon mutanen Ruma ko Zakka kamar yadda shi ya sani, domin yana ganin abin da ake dawowa a nema da abin da ake cewa a goge.

Babban abin da ya faru, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne kallo ya shiga ɗaki. Matar aure ta aiki ƙanenta da mimori, ya dawo mata da finafinai biyar. Ba ta buƙatar talabijin, ba ta buƙatar izinin fita. Masu kallon Kannywood sun ƙaru ninkin ba ninkin a daidai lokacin da masu sayen faifai suke raguwa.

Waƙa ta rabu da fim

A shekarun 2000, mawaƙin fim yana bayan labule. Jarumi ke motsa baki, shi ake sani. Waya ce ta fito da mai muryar fili, saboda waƙa a matsayin MP3 'yar ƙarama ce, ana tura ta da Bluetooth kafin shayi ya huce, alhali fim sai an jera wayoyi biyu an yi ta jira. Haka Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Nazifi Asnanic da Ali Jita da Naziru M. Ahmad suka zama taurari da sunansu, har aka koma jiran kundin waƙoƙin mutum kamar yadda ake jiran sabon fim. Furodusoshi ma suka riƙa sakin waƙa tun kafin fim, ta riga shi zagaye gari.

Akwai waɗanda tsarin ya ci da zalunci. Sunan fayil a hannun mai turi yake, ya rubuta abin da ya ga dama. Sau da yawa sunan namiji kaɗai ke tsira, muryar macen da ta ɗauki rabin waƙar ta tafi ba suna. Fati Nijar, 'yar Maraɗi, tana cikin 'yan kaɗan da sunansu ya ƙi ɓacewa. Wasu da dama an haddace muryarsu a Safana ba a san ko su wane ne ba. Wata waƙar kuma a liƙa mata sunan mawaƙin da ya fi tashe don a fi nemanta.

Siyasa ma ta bi ta wannan hanyar. A kakar zaɓen 2015, waƙar Masu Gudu Su Gudu ta Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja, ta shiga lungunan da motar yaƙin neman zaɓe ba ta taɓa takawa ba, daga waya zuwa waya, ba tare da an biya gidan rediyo ko kwabo ba.

Ranar 10 ga Disamban 2014 Ibro ya rasu. Da a zamanin kaset ne, sai a nemi tsofaffin finafinansa a shago. A zamanin mimori, gutsattsarin barkwancinsa na minti biyu ko uku aka yi ta yankowa ana turawa, kuma yaran da suka taso bayansa ta nan suka san shi, da yawansu ba su taɓa kallon fim ɗinsa guda daga farko zuwa ƙarshe ba.

Wanda ya biya kuɗin

Da wayoyin Android suka yi araha, sai turi ya ƙara sauri. Flash Share da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno, da Xender, suna buɗe ƙaramar hanyar Wi-Fi tsakanin waya da waya, ba ruwansu da data ko sabis. Fim ɗin da Bluetooth ke shafe lokaci mai tsawo yana ja, yanzu kafin a gama gaisawa ya shige. Mutum ɗaya ya biya a shago, majalisa guda ta samu.

A wannan tsakanin finafinan Indiya masu fassarar Hausa suka shigo da ƙarfi, Algaita a kan gaba. Ga faɗa, ga mota tana tashi sama, ga barkwancin mai fassara, kuma duk a farashi ɗaya da fim ɗin Kano. Samari da yawa suka koma can.

Furodusan da ya kashe miliyoyi kuwa, kwafi ɗaya ake saya a juye a kwamfuta, shi ke nan. Kasuwar faifai ta durƙushe, shaguna suka koma sayar da kayan waya, wasu masu shirya fim suka bar sana'ar. An kira abin satar fasaha, kuma sata ce. Amma gaskiyar magana, mai kallo a Batsari ba a taɓa ba shi wata halastacciyar hanya mai sauƙi ya ƙi ba. Lokacin da masana'antar ta koma haska manyan finafinai a sinimar rukunin shagunan Ado Bayero da ke Kano, kamar Mansoor na Ali Nuhu a 2017, wanda ya fito da Maryam Yahaya, mutumin Safana ba ya cikin lissafi. Labarin fim ɗin zai ji, waƙoƙinsa su iso shi, shi kansa fim ɗin sai ranar da ya faɗo hannun mai turi.

Shekarar 2016 ta nuna yadda waya ta zama filin muhawara. A watan Yuli gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar finafinai a Kano bayan malamai sun yi ca, kuma wa'azozin da aka yi a kan batun ta mimori da WhatsApp suka yaɗu. A watan Oktoba ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙa da ta fito tare da ClassiQ. Korar ce ma ta sa kowa ya nemi a tura masa ya gani.

Talabijin ta zo, ita ma ta shiga katin

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kyauta ga duk mai faifan tauraron ɗan'adam. Shirinta Daɗin Kowa ya koya wa masu kallo jiran mako-mako, har ya ci kyautar Africa Magic a 2016. A 2019 Kwana Casa'in da Gidan Badamasi suka biyo baya. Gida nawa ne a ƙauyukan Batsari ke da dish da wutar kunna shi ƙarfe takwas na dare? Kaɗan ne. Amma washegari kashin da aka nuna yana shagon turi. Shiri mai dogon zango ya dace da sana'ar fiye da fim, domin mai saye dole ya dawo mako mai zuwa. Hanyar da Izzar So da Labarina suka tarar a share ke nan a 2020.

Google ma ya hango wannan ɗabi'a. A 2017 ya kawo YouTube Go Najeriya, manhajar da ke bari a sauke bidiyo a kuma tura wa na kusa ba tare da data ba. A 2022 ya rufe ta. Mai shagon caji ya riga ta farawa, kuma ta tafi ta bar shi.

Abin da ke shirin ɓacewa

A lokacin katse layukan 2021, gwamnati ta kuma haramta sana'ar cajin waya a wuraren da matsalar ta shafa, bisa hujjar cewa 'yan bindiga na amfana da ita. Wato an rufe sabis, an kuma rufe shagon da ke maye gurbinsa. Abin da ke cikin katin mutum, da ɗan faifan sola in yana da shi, su ne suka rage.

Manyan finafinai da waƙoƙin fitattu ba za su ɓata ba, yawancinsu suna YouTube. Abin tsoron shi ne sauran: waƙar da wani yaron gari ya yi a ƙaramin situdiyo a Katsina, bidiyon biki, kiɗan kalangu na ranar sallah, karatun malamin unguwa da ya riga mu gidan gaskiya, hoton ƙauyen da mutanensa suka watse suka dawo cikin garin Batsari gudun hijira. Irin waɗannan ba a taɓa ɗora su a intanet ba. A mimori suke, wani lokacin kwafi ɗaya tak, a wayar da za a iya ƙwacewa a hanya.

Mimori kuma ba ya dawwama. Yana riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki a cikin ƙwayoyinsa, kuma cajin yana zurarewa a hankali in katin ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi. Ga jabu da suka cika kasuwa a waɗancan shekaru: a jiki an rubuta gigabayit 32, a ciki bai kai haka ba, da ya cika sai sabon fayil ya hau kan tsoho. Ga ƙwayar cutar kwamfutar shago da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi marasa amfani, mai katin ya ɗauka komai ya tafi alhali suna nan a ɓoye.

Wanda ya tsinci tsohon kati a aljihun jaka ko cikin mushen Nokia, kada ya yarda in waya ta nemi ya yi masa fomat, domin wannan share shi ne. A fara saka shi a kwamfuta ta abin karanta mimori, a kwafe duk abin da ya buɗu zuwa wuri biyu daban. Manhajar VLC tana kunna 3GP ba gardama. Asusun Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, wanda ya isa ya haɗiye katin gigabayit 2 har sau bakwai. Kafin a ɗora, a gyara sunayen fayilolin, a rubuta mawaƙi da mawaƙiya da garin da shekarar, tun akwai wanda zai iya tuna su.