Yadda A Ke Rage Sayen Man Ɗumama Gida Da Ruwan Rafi A Sikotland

A ƙasar Sikotland, wadda ta ke arewa da Ingila, ɗumama ɗaki tilas ne kamar ci da sha. Sanyi ya kan kama tun daga watan Oktoba, ba ya sakin mutane sai wajen Afrilu, kuma a tsakiyar Disamba hasken rana ba ya wuce sa'a bakwai a arewacin ƙasar. Mutanen birane suna da iskar gas wadda a ke kai musu ta bututu har cikin gida. Amma mazauna kan duwatsu da tsibirai bututun bai kai gare su ba, sabo da haka da yawansu kananzir su ke ƙonawa. Kowane gida yana da babban tanki a bayansa, motar mai ta zo ta cika shi, a riƙa ƙona man a wata tukunyar ƙarfe mai dafa ruwa, ruwan zafin nan kuwa ya bi bututu ya zagaya ɗakuna. Kuɗin man ba ya zama wuri ɗaya. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta auka wa Yukren, sai da ya ninka cikin 'yan makonni.

To, ƙasar da ta rasa rana ba ta rasa ruwan sama da gangare ba. Wannan shi ya sa waɗansu masu gida, waɗanda rafi ya ratsa ta filinsu, su ke sa shi ya yi musu aikin da mai ya ke yi. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1878 wani attajiri mai masana'antar ƙera manyan bindigogi, William Armstrong, ya haskaka gidansa mai suna Cragside a arewacin Ingila da lantarkin da ruwa ya ba shi, kuma an ce shi ne gida na farko a duniya da aka yi wa haka.

Ga yadda aikin ya ke. A can sama a kan tare rafin da ɗan ƙaramin shinge, a karkatar da wani kashi na ruwan ya bi ta rariya mai tace ganye da tsakuwa, ya shiga bututu. Bututun ya gangaro har gindin tudu, inda aka gina ɗan ɗaki kamar rumbu. Bakinsa a nan tsukakke ne, don haka ruwan ya kan fito da ƙarfin gaske ya bugi wata farfela, farfelar ta juya janareta, waya ta kai wutar gida. Ruwan kuwa ya koma rafinsa, ba a rage ko ɗigo ba. Inda gangaren ya ke da tsawo a kan yi amfani da farfela mai bakuna kamar cokula, wadda wani Ba'amurke, Lester Pelton, ya yi wa rajista a 1880, ko kuwa irin da a ke kira Turgo, wadda kamfanin Gilkes na garin Kendal ya fito da ita a 1919.

Abu biyu ne su ke nuna ƙarfin rafi: yawan ruwan da ya ke wucewa a kowane sakan, da tsawon faɗuwarsa daga shinge zuwa farfela. Awon na farko ba wuya, garwa da agogo sun isa. Garwar kananzir tana cin galan 4, watau wajen lita 18, in ta cika cikin sakan biyu an san ana samun lita 9 a sakan. Lissafin kuwa malamin da ya saba da littafin haraji ba zai sha wahalarsa ba. A ce rafi yana ba da lita 10 a sakan, faɗuwarsa mita 20. A ninka 10 sau 20, sa'an nan a ninka abin da ya fito sau 10, an sami wat 2,000. Amma wannan a takarda ne. Gogayyar ruwa da bututu, da hasarar farfela da janareta da waya, su kan cinye kusan rabi a ƙaramin inji, abin da ya ke isa gida wajen wat 1,000 ne, watau kilowat ɗaya.

Kilowat ɗaya bai taka kara ya karya ba, ko butar dafa shayi ta lantarki ta fi haka ci. Amma rafi ba ya barci. Dare da rana yana zuba, cikin sa'a 24 ya tara yunit 24. Lita ɗaya ta kananzir tana ɗauke da zafin da ya kai wajen yunit 10, wani kashi kuma hayaƙi ya kan tafi da shi. Ke nan ɗan rafin nan yana fanshe lita biyu da rabi zuwa uku kowace rana, cikin wata shida na sanyi ya kai lita 450 zuwa 540, fiye da garwa 25. Wannan bai raba babban gida da motar mai ba, ya dai rage zuwanta. Wanda ya ƙara da injin jawo ɗumi daga iska ko ƙasa, mai aiki kamar firij da aka juya, ya kan sami zafin yunit uku daga kowane yunit ɗaya na wuta, ragin ya ninka sau uku.

Ɗumama ruwa ya dace da wannan inji sabo da wani dalili. In janaretan ba ya haɗe da wayar gari, tilas a sha dukan wutar da ya ke bayarwa a kowane lokaci, in ba haka ba farfelar ta yi gudun da ya wuce kima. Don haka a kan sa wata na'ura mai rabo, duk abin da fitilu da firij suka bari ta tura shi cikin tankin ruwan zafi. Ga shi kuma a Sikotland rafuka sun fi cika a watannin sanyi, daidai lokacin da a ke bukatar ɗumin, ba kamar faifan sola ba da ƙarfinsa ke raguwa a lokacin.

Wahalolinsa ba a ɓoye su ke ba. Ganyen da itatuwa ke zubarwa kafin shigar sanyi ya kan toshe rariya, mai gida ya hau tudu cikin ruwa da iska ya share. Ƙanƙara ta kan daskarar da bakin bututu. Haƙa ramin bututu da sayensa sau da yawa sun fi farfelar kanta tsada. Kuma ba mai taɓa rafi sai da iznin hukumar kiyaye muhalli ta ƙasar, SEPA, wadda ta ke sharɗanta a bar isasshen ruwa a hanyarsa domin kifi. Daga 2010 gwamnatin Birtaniya ta riƙa biyan masu irin waɗannan injuna lada a kan kowane yunit, amma a ƙarshen Maris na 2019 ta rufe shirin ga sababbin masu nema.

A Nijeriya ta Arewa ma an san aikin ruwa, gama kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya ba ma'aikatan kuza na tudun Jos lantarki daga faɗuwar ruwa ta Kurra. Sai dai hakimin da aka kawo wa shawarar irin wannan aiki ya kamata ya lura da bambanci guda. A ƙasar Hausa hunturu cikin rani ya ke zuwa, lokacin da yawancin ƙoramu sun zama yashi, ga ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya. Wuraren da za a duba su ne masu tuddai da ruwa mai kwana, kamar Jos da Mambila, amfanin kuwa na fitila da niƙa ne. Ko a can ma awon da za a kafa lissafi a kansa shi ne na watan Maris, sa'ad da rafi ya fi ƙanƙancewa, ba na Agusta ba.